Ƙaramin ƙwai a cikin babbar fitilar daji: tambayoyin direbobin Tawa da amsoshinsu

Duk wanda ya taɓa tashi daga Tawa da asuba ya nufi Abalak, ko ya bar kwalta ya yanki daji zuwa Cintabaraden da Tasara, ya san darajar manyan fitilun nan da ake ɗaurawa a ƙarfen gaban Land Cruiser ko Hilux. A ƴan shekarun nan masu irin waɗannan motoci suna yawan zuwa garaji da buƙata guda: a sanya musu ƙaramin ƙwai mai ƙarancin wat a cikin babbar fitilar, yadda za ta riƙa yin ɗan haske mai laushi ko da ba a kunna babban ƙwanta ba. Aikin ƙarami ne a ido, amma mun ga fitilu masu tsada da suka lalace a dalilinsa, shi ya sa muka tattara tambayoyin da aka fi yi mana, tare da amsoshin da muke bayarwa.

Mene ne wannan ƙaramin ƙwai, kuma mene ne amfaninsa?

Ƙwai ne irin wanda ke cikin ƙananan fitilun alama na gaban mota, waɗanda direbobinmu ke kira beyez, kalmar da muka aro daga Faransanci. Idan aka sanya shi a cikin fitilar daji, haskensa yana bazuwa a kan madubin cikin fitilar, sai da'irar gaba ɗaya ta yi rawaya-rawaya ko fari-fari ba tare da ta kashe idon kowa ba. Amfaninsa na gaskiya shi ne a ga motar. Direban da taya ta fashe masa da dare a hanyar Agadas, ya tsaya a gefen titi yana canzawa, yana buƙatar mai zuwa daga nesa ya gane cewa akwai mota a tsaye, ba tare da ya bar manyan fitilu suna shanye masa batir ba. Haka kuma da magariba, ko a ranakun hunturu da ƙura ke rufe sararin Adar tun daga safiya, ƙarin ɗigon haske biyu a gaban mota yana taimakon ɗan kabu-kabu da mai amalanken jaki su ƙiyasta girman abin da ke tunkaro su.

Akwai kuma batun ado, kuma babu dalilin ɓoye shi. Da yawa daga cikin masu zuwa sun ga abin ne a motar wani suka yi sha'awa. Wannan ba laifi ba ne, muddin ba a ɓata fitilar domin kwalliya ba.

Zai ƙara mini hasken hanya?

Ba zai ƙara ba. Ƙaramin ƙwai irin W5W yana bada kimanin lumen 50 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske), alhali ƙwan H3 mai wat 55, wanda shi ne a cikin yawancin fitilun daji na halojin, yana bada kimanin lumen 1450. Bugu da ƙari, ƙaramin ƙwan ba ya zaune a tsakiyar madubin inda ake tattara haske a harba shi nesa, saboda haka ɗan abin da yake bayarwa ma watsewa yake yi. Wanda ke neman ganin raƙumi daga nesa a kan hanya, babban ƙwai da saitin fitila ya kamata ya duba.

Wane irin ƙwai ya fi dacewa: mai zare ko LED?

Iri biyu na masu zare aka fi samu a shagunan kayan mota. Akwai W5W, wanda wasu ke kira T10, mai wat 5, gindinsa gilas ne shimfiɗaɗɗe da ake cusawa kawai a mazauninsa. Akwai kuma T4W, mai wat 4, gindinsa ƙarfe ne da ƴan ƙusoshi biyu a gefe, ana dannawa a murɗa ya kulle. A kan kwalta duka biyun suna aiki lafiya, amma ga motar da ke kwana tana yini a hanya mai gargada, mun fi son T4W, domin girgiza ba ta fitar da shi daga mazauninsa da sauƙi. W5W kuwa, idan haƙoran mazauninsa suka saki, yakan faɗa cikin fitilar, kuma fito da shi daga fitilar da aka manne gilas ɗinta da madubi aiki ne mai cin rai.

Game da LED, a nan ne ake yawan yin kuskure. Gaskiya ne yana cin wuta kaɗan ƙwarai, galibi wat ɗaya ko biyu, kuma ba shi da zaren da girgiza za ta tsinka. Sai dai babban maƙiyinsa zafi ne, kuma cikin fitilar halojin da ke kunne tanderu ne. A ƙara da zafin Afrilu da Mayu a Tawa, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40 kusan kullum, sai a ga ƙananan LED masu arha, masu jikin roba, sun fara ƙyafta ido bayan ƴan makonni, daga nan su dushe, wani lokacin ma robar ta narke ta bar tabon hayaƙi a kan madubi. Ƙwai mai zare, da yake gilas ne da ƙarfe, bai damu da wannan zafin ba. Ra'ayinmu shi ne: idan babban ƙwan halojin ne, musamman mai wat 100, a zauna a kan ƙwai mai zare. Idan kuma lalle sai LED, a nemi mai jikin yumɓu ko alminiyam, a kuma sanya shi nesa da babban ƙwan gwargwadon iko.

Wani abin lura shi ne launi. Farin LED mai ɗaukar shuɗi-shuɗi ba ya tafiya da farin halojin mai ɗumi, kuma idan aka haɗa su da beyez ɗin motar na asali, gaban motar yakan yi kamar an tara kayan aro.

Idan na bar su a kunne dare guda, za su kashe mini batir?

Lissafin mai sauƙi ne: a raba wat da volt, a samu amper. Ƙwan wat 5 a mota mai volt 12 yana jan kimanin amper 0.4, biyu kuma amper 0.8 da ɗan ɗori. A cikin awa 10 sun sha kimanin amper-awa 8, wanda batir mai amper-awa 70 da ke da lafiya zai jure, motar ta tashi da safe. A kwatanta da manyan ƙwai biyu masu wat 55, waɗanda ke jan fiye da amper 9: a awa 4 kacal sun kwashe rabin wannan batirin.

Amma fa wannan lissafin na ƙananan ƙwan ne su kaɗai. Idan an haɗa su da layin beyez na mota, to kunna su yana nufin kunna fitilun baya, da na lamba, da hasken allon sitiyari gaba ɗaya, kuma jimillar tana iya ninkawa sau uku ko huɗu. Sannan batirin da ya sha zafin Azawak shekara biyu ba ya riƙe abin da aka rubuta a jikinsa. Wanda zai kwana a daji nesa da mai tura masa mota, kada ya dogara da lambar da ke kan takarda.

Motata mai batir biyu ce. Akwai abin da ya bambanta?

Akwai, kuma a fara da tantance yadda aka haɗa batiran. Wasu motocin suna da batir biyu amma wutarsu volt 12 ce, wasu kuma, irin manyan motocin kaya da wasu tsofaffin Land Cruiser masu gazuwal, an jera batiran ne su bada volt 24. Mita za ta faɗa cikin daƙiƙa guda, haka ma rubutun da ke gindin kowane ƙwan motar. Ƙwan volt 12 a layin volt 24 haske ɗaya yake yi ya ƙone. Ana samun W5W da T4W na volt 24, su za a nema.

Dabarar da wasu ke yi ta jan waya daga batir ɗaya domin samun volt 12 ba mu yarda da ita ba, ko da abin da za a kunna ƙarami ne. Batirin da ake ja daga gare shi yakan zauna bai cika ba, ɗan'uwansa kuma ya riƙa shan caji fiye da kima, a ƙarshe a sayi batir biyu saboda ƙwan wat 5.

Fitiluna ba su da gurbin ƙaramin ƙwai. Za a iya hudawa?

Kafin a ɗauki injin huda, a juya fitilar a duba bayanta da kyau. Kamfanoni irin Hella suna fitar da wasu fitilunsu iri biyu, mai gurbin beyez da marar shi, kuma akan samu fitilar da gurbin yana nan an toshe shi da roba kawai. Idan haka ne, aiki ya zo da sauƙi. Wanda kuma bai riga ya sayi fitila ba, ya sayi mai gurbin tun farko, ya huta.

Idan babu gurbi, ana iya hudawa, amma ya kamata mai mota ya san abin da yake sayarwa kafin ya saya. Ƙyallin madubin fitila wani siririn rufi ne na alminiyam da aka fesa a kan ƙarfe ko roba, kuma sirantarsa ta kai yadda ko tsumma mai laushi yana iya goge shi. Duk inda aka huda, an rage wani yanki na madubin, an kuma buɗe ƙofa ga tsatsa da ƙura. Domin rage ɓarna, a zaɓi ƙasan madubin, can kusa da baki, nesa da tsakiya inda babban ƙwai yake zaune, domin tsakiyar ce ke yin mafi yawan aikin harba haske. A tabbatar kuma cewa bayan an mayar da madubin cikin kwanonsa, akwai sarari ga mazaunin ƙwan da wayoyinsa. Mun sha ganin wanda ya huda rami mai kyau, sai murfin baya ya ƙi rufuwa.

A sayi mazaunin ƙwan tukuna, a auna shi, sannan a huda daidai da shi, domin mazaunan ba girmansu ɗaya ba. A cire babban ƙwan a ajiye gefe, ba tare da taɓa gilas ɗinsa da yatsa ba, saboda maiƙon hannu yana sa gilas ɗin halojin ya yi tabo ya fashe da wuri. A fara da ƙaramin bakin huda, a riƙa ƙara girma sannu a hankali, injin yana juyawa a hankali. Babbar matsalar ita ce garin ƙarfe: a riƙe fitilar yadda ramin ke kallon ƙasa domin garin ya zubo waje, a shafa ɗan giris a bakin hudar ya riƙe sauran, abin da ya shige kuma a fitar da shi da maganaɗisu idan madubin na ƙarfe ne, ko a karkaɗe shi ta ramin babban ƙwai. Kada a zura tsumma ko yatsa domin sharewa. Bayan haka a shafa ɗan fenti a bakin ramin da tsinke, domin ƙarfen da aka yanka tsirara yake, damina ɗaya ta isa ta sa tsatsa ta fara cin madubin daga nan.

Za mu faɗi ra'ayinmu a fili: fitila mai tsada, sabuwa, mai kyakkyawan haske, ba ma son huda ta. Tsohuwa ko mai arha, wadda asararta ba za ta hana kowa barci ba, ita ce ta dace da wannan gwaji.

Yaya za a hana ƙura da ruwa shiga ta ramin?

A yi amfani da mazauni mai jikin roba wanda ke shiga da ƙyar ya toshe ramin da kansa, ko a sanya zoben roba kafin mazaunin. Idan ana son ƙarin manne, a kula da irin silikon ɗin da aka ɗauko. Wanda ke warin tsami idan aka matso shi yana fitar da tururi mai cin ƙarfe yayin bushewa, kuma a cikin rufaffiyar fitila tururin yana dusar da madubi. A nemi marar warin tsami, a shafa shi daga waje kawai, a bari ya bushe kafin a rufe.

Kada kuma a toshe ƴar kafar numfashi da kamfani ya bari a ƙasan fitilar. Fitila tana zafi tana sanyi, iskar cikinta tana faɗaɗa tana tsukewa, kuma idan ba ta da hanyar fita, za ta jawo ƙura da laima ta kowace ɓaraka. Wanda ke ƙetare koramu a watan Agusta ya sani cewa fitila mai zafi da ta nutse cikin ruwa mai sanyi tsotsar ruwan take yi nan take, saboda haka a kashe manyan fitilu su ɗan huce kafin a shiga.

Daga ina za a jawo wutar?

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce a haɗa da wayar beyez ta gaba, yadda ƙananan ƙwan za su kama duk lokacin da aka murɗa makunnin fitilu mataki na farko. Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma ta fi dacewa da yawancin mutane, domin babu sabon makunnin da za a manta a kunne. Ƙarin wat 10 ba ya fin ƙarfin layin a tsofaffin motoci irin Land Cruiser 70 da Hilux. A gano wayar da fitilar gwaji: ita ce wadda ke kawo wuta idan an kunna beyez, ta ɗauke idan an kashe.

Ta biyu ita ce a ba su makunninsu daban, kai tsaye daga batir. Wannan ta fi amfani ga wanda ke yawan tsayuwa a daji kuma yana son alamar haske ba tare da kunna sauran fitilun mota ba. Aibinta ɗaya ne, mantuwa, shi ya sa muke sanya makunni mai ɗan haske a jikinsa.

Motocin zamani, musamman waɗanda ake shigowa da su daga Turai, suna da kwamfutar da ke auna wutar da kowane layin fitila ke ja, kuma ƙarin kaya yana iya sa ta nuna alamar matsala ko ta yanke layin gaba ɗaya. A irin waɗannan, a yi amfani da rele, wato ƙaramin makunnin da wutar lantarki ke kunnawa: wayar beyez ta shiga ƙafa mai lamba 86, ƙafa 85 ta tafi mas, wato ƙarfen jikin mota da wuta ke komawa ta cikinsa, ƙafa 30 ta karɓi wuta daga batir ta cikin fizibil, wato ɗan abin nan da ke ƙonewa ya yanke wuta idan ta yi yawa, ƙafa 87 kuma ta kai wa ƙananan ƙwan.

Abin da ba za a yi ba shi ne haɗa ƙaramin ƙwai da wayar babban. Idan aka yi haka, zai kama ne kawai lokacin da babban ke kunne, wato daidai lokacin da babu mai ganinsa.

Wace waya da wane fizibil?

Waya mai kaurin milimita murabba'i 0.75 ko 1 ta wadatar. Fizibil kuwa, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke cewa fis, mai amper 3 ko 5 ya isa, kuma a sanya shi kusa da inda aka ɗauko wutar, domin aikinsa kare wayar ne idan ta goge ta taɓa jikin mota. A fizibil masu ƙafa biyu shimfiɗaɗɗu launi yana nuna ƙarfi: mai amper 10 ja ne, 15 shuɗi, 20 rawaya, 30 kore, duk waɗannan sun yi wa wannan aiki yawa. Wanda ya naɗe zaren waya a gurbin fizibil da ya ƙone, motarsa yake shirya wa gobara.

A haɗa wayoyi da dalma ko da matsi mai kyau, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗa waya da hannu a naɗe da sikoc, wato tef mai gam, ba ya kai Abalak ya dawo: zafi yana sakin gam ɗin, girgiza ta ƙarasa. A zura wayar cikin bututun roba, a ɗaure ta nesa da radiyato da duk bakin ƙarfe mai kaifi.

Wane launi aka yarda da shi? Jandarma ba za su tsayar da ni ba?

Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Biyena ta 1968 kan zirga-zirgar motoci, kuma ƙa'idar da ke cikinta a bayyane take: ja na baya ne, ba ya fitowa a gaban mota. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin wanda ya hango ja a duhu yana ɗauka bayan mota ne mai tafiya gaba, ba mota mai tunkaro shi ba. Shuɗi kuma alama ce ta motocin da ke da haƙƙin a ba su hanya, irin na jami'an tsaro da na ɗaukar marasa lafiya, kuma a halin da yankinmu ke ciki, farar hula da ya tunkari shingen bincike da shuɗin haske da dare ya jawo wa kansa tambayoyin da ba ya buƙata. Kore da sauran launukan biki ma a bar su.

Abin da ya rage shi ne fari da ruwan ƙwai. Fari shi ne launin beyez na asali, kuma shi ne mafi aminci. Ruwan ƙwai yana da masoya a nan, musamman dattawan da suka tuka Peugeot 404 da 504 masu rawayen fitilu, tun zamanin da dokar Faransa ta tilasta wannan launi, kafin a janye ta a 1993. Da yawansu suna cewa ya fi sauƙi ga ido a cikin ƙura. Sai dai a kula kada ya yi kama da fitilar nuna juyawa, musamman idan fitilun dajin suna kusa da gefen mota. A sanya ƙwan biyu-biyu, launi ɗaya, tsayi ɗaya, domin ɗigon haske guda a gaban mota yana sa mai zuwa ya zaci babur ne.

Wani abu da ya danganci wannan: kasancewar ƙaramin ƙwai a ciki bai halatta kunna babban a cikin gari ba. Fitilar daji ba ta da yanke haske irin na kod, wato hasken kusa na fitilun gaban mota, duk wanda ke gabanta makancewa yake yi na ɗan lokaci, shi ya sa muke haɗa relenta da layin far, wato hasken nesa na fitilun gaban mota, yadda za ta mutu da kanta da zarar direba ya sauko kod.

Fitiluna na LED ne, masu tsawo kamar sanda. Su ma ana yi musu?

Ba a huda su. An rufe su ne gaba ɗaya domin hana ruwa, cikinsu kuma allon lantarki ne, babu sararin ƙwai. Wasu suna zuwa da ɗan hasken alama tun daga kamfani, ana gane su da waya ta uku bayan ja da baƙa, kuma wannan wayar ce ake kaiwa layin beyez. Marasa ita, a ɗaura ƙaramar fitilar alama daban a ƙarfen gaba.

An gama aiki amma ƙwan ba ya kamawa, ko yana yin abin mamaki. Me ya faru?

Idan LED ne kuma bai kama ba sam, a ciro shi a juya gefensa a mayar, domin yawancinsu wuta ta fuska ɗaya kawai take bi ta cikinsu. Idan yana ƙyaftawa a kan gargada, haƙoran mazaunin sun saki, a matse su kaɗan da bakin ƙaramin sukurdireba bayan an kashe wuta.

Idan kuwa ƙaramin ƙwan yana dushewa ko yana mutuwa duk lokacin da aka kunna babban, ko kuma beyez ɗin mota suna ɗan haskawa alhali a kashe suke, to kusan kullum laifin mas ne. Masu ɗaura fitila da yawa suna barin ƙusar da ta riƙe fitilar a ƙarfen gaba ta zama ita ce hanyar komawar wuta, amma ƙarfen yana da fenti, yana da tsatsa, ƙura kuma ta shiga tsakani. Wutar babban ƙwan, da ta rasa hanya mai kyau, sai ta nemi komawa ta cikin ƙaramin. Maganin shi ne a ja wayar mas ta musamman daga kowace fitila, mai kauri daidai da wayar babban ƙwan, a kai ta jikin shasi a wurin da aka kankare fenti har ƙarfe ya fito, ko kai tsaye zuwa kan batir mai alamar ragi, a shafa ɗan giris a kan ƙusar bayan an ɗaure.